Makarar da Na'Allah Ya Bar Mana

Ranar Laraba, 9 ga Maris 1977, Allah Ya karɓi ran Malam Na'Allah kafinta a gidansa da ke Asata, Inugu. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Na'Allah, tun zamanin Turawa na san ka, ina yanka a mahauta, kai kana haɗa bencin jirgin ƙasa. Har gobe ana dariyar ranar da wani Bature ya aiko maka da kujerarsa mai lilo ka ɗaure mata hannu, kai kuwa ka ga tana tangaɗi, ka sa zarto ka daidaita mata ƙafafu. Da ya taso da faɗa, cewa ka yi, "Ranka ya daɗe, ita kanta ba ta zauna ba, yaya za a zauna mata?" Aka kore ka. Ka buɗe rumfarka a unguwar Ogui, rabin ƙyauren unguwarmu aikinka ne.

Da muka dawo Inugu bayan yaƙin basasa, muka tarar makarar masallaci ta tafi a itacen girki. Mamacinmu na farko a kan ƙyaure muka kai shi, yana zamewa muna tarewa. Ran nan na ga ka yi kuka, ka ce in Allah Ya yarda ba za a sake ba.

Sai kuɗin man fetur ya shigo. Katako ya yi tsada, samarinmu suka kwashe zuwa Fatakwal, har da ɗanka Talha. 'Yan kwangila suna zarya da katako ta ƙofarka, kai kana tsintar guntayen katako a bayansu. Ga tari ya kama ka, aikin sabuwar makara yau da gobe, muna ta aron makara daga Ogui. Kullum ina tsokanarka, "Malam, anya ba a ƙyaure za mu kai ka ba?" Kai kuma ka ce, "Sha'aibu, mahauci da gaggawa!" Wallahi ina dariya ne, amma tsoron abin yana raina.

Da aka gama yi maka sutura, matarka Hajo ta yaye tabarma a rumfa. Ga makara an gama tsaf. Maimakon hannu huɗu, takwas ka yi mata, don ka san tsofaffi kaɗai suka rage a unguwar. Mu takwas muka ɗauke ka, ba wanda ya nemi a karɓe shi.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa Aljanna makoma. Hajo da 'ya'yan marigayi, Talha da Zuwaira, Allah Ya ba ku haƙuri, mu ma Ya ba mu.