Baƙon Bagaruwa

A gonarmu ta bayan ganuwar Ƙarfi akwai wata bagaruwa guda, a kusurwar gabas. Mahaifiyata ce ta hana a nome ta tun tana tsiro, ta kewaye ta da ƙaya saboda awaki. Da ta rasu ina 'yar shekara goma sha biyu, aka raba kayan ɗakinta kaf, bagaruwar ce kaɗai ba wanda ya iya ɗauka. A gindinta nake zama da mazarina in na kai abinci gona. Wannan tun kafin a ga Bature a ƙasarmu ne, lokacin da ake noma ana waiwayen hanya saboda mahara.

Wata shekara, damina ta ja baya, auduga ta fara fashewa, na ga wani ƙwaro a kan ganyenta. Tsawonsa ya kai ƙaramin yatsana, bayansa kore shar, in ka karkata shi ya koma shuɗi yana ƙyalli kamar rigar da ta sha bugu. Ina taɓa shi ya naɗe ƙafafu ya faɗo, wai shi ya mutu. Na ƙulle shi a bakin zane na ruga wurin Baba, ina jiran yabo. Wautar da na yi ke nan.

Baba ya bi sawuna, ya ɗaga kai, ya ga wasu uku a reshen bagaruwar. Shekarar da ta gabata tsutsa ta ci masa rabin auduga, haushin bai sake shi ba.

"Daga nan suke saukowa," ya ce. "Gobe zan sare ta."

Ban yi kuka a gabansa ba, don ni tun ina ƙarama akwai taurin kai. Wurin Iya na nufa, uwar Baba. Idonta ya yi rauni, amma har daga Kafur ake kawo mata ƙwaro a gora ta faɗi ko mai ɓarna ne. A wurinta ƙwarin duniya gida huɗu ne: masu cin ganye, masu cin hatsi, masu cin itace, sai 'yan wucewa da ba ruwansu da kowa. Ta karɓe shi, ta shafa bayansa, ta bi ƙafafunsa da farce, ta taɓa kan nan da ya nutse cikin ƙirji.

"Ba buzuzu ba ne, ba shi da ƙafar tono," ta ce. "Shekaruna duka ban taɓa riƙe irinsa ba." Sai ta ɗaga murya don Baba ya ji. "Kai, ajiye gatarin nan. Ka ba ni kwana uku in ga abin da yake ci."

"Inna, audugar fa?"

"Kwana uku na ce."

Aka kamo sauran ukun. Iya ta sa na jera ƙoƙuna huɗu, kowanne da ƙwaro ɗaya, aka rufe da faifai. Na farko ganyen auduga da ƙwallonta, na biyu dawa, na uku ɓawon itace, na huɗu ganyen bagaruwa. Kullum da safe ƙoƙon audugar nake fara buɗewa. Ganyen ya yi yaushi, amma ko cizo ɗaya babu. Dawa da ɓawo suna nan yadda aka sa su. Na bagaruwa kuwa an cinye shi tas, sai jijiyoyi.

A tsakar gida, gaban Baba da maƙwabta, Iya ta yanke hukunci: ɗan gidan masu cin ganye ne, kuma ba ruwansa da auduga. Suna kuwa, a al'adarta, wanda ya tsinto shi ke raɗawa. Na ce baƙon bagaruwa. Aka yi mini dariya, amma sunan ya bi shi. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Washegari Iya ta ce in ja ta zuwa gona. Ta bi jikin bagaruwar da tafin hannu har ta tsaya a kan wasu ƙananan ramuka masu zubar da gari. Ta ɓamɓare ɓawon, sai ga farar tsutsa mai faɗin kai.

"Ɗansa ne," ta ce. "Uba na cin ganye, ɗa na cin itace. Gida biyu gare shi."

"Iya, me ya hana ki faɗa jiya?"

"Auduga aka tambaye ni. Da na faɗi wannan, da ubanki ya ce a sare ta tun tana da amfani."

"Mutuwa za ta yi?"

"Damina uku, ko huɗu. Ki sha inuwarki, 'yar nan."

Uku ta yi. Iya ba ta ga bushewarta ba, ta riga ta tafiya. Na zauna a gindinta har ranar da inuwar ba ta ƙara rufe ƙafafuna ba, kuma ban taɓa gaya wa Baba abin da na sani ba.

Yanzu idona ya koma irin na Iya. In damina ta ja baya, jikoki kan kawo mini shi ɗaure da zare, suna cewa ga baƙon bagaruwa, ba su san bakin da sunan ya fito ba. Nakan shafa bayansa in kwance zaren in sake shi. Shi ya cinye mini inuwar uwata, amma ban taɓa iya kashe ko ɗaya ba.