Dodon da Na Gina a Gidan Kakata

Shekaranjiya na je kasuwa sayen randa, don firjin gidana ya koma ma'ajiyar kwanoni saboda rashin wuta. Na ƙwanƙwasa guda da yatsa kamar yadda aka koya mini tun ina ƙarama, ta yi ƙara tas, alamar babu tsaga.  Sai na nemi benci na zauna, mai randunan tana ta yi mini sannu, ta ɗauka rana ce ta buge ni. Ba rana ba ce. Kawuna na tuna.

A lokacin ƙuruciyata muna cikin jihar Sakkwato, ba a yanka mana tamu ba tukuna. Muna zaune a Nassarawa cikin Birnin Kebbi, babana ƙaramin ma'aikaci ne. Katanga ɗaya muke da wasu Kiristoci 'yan Filato, maigidan malamin makaranta, kuma su kaɗai ke da bidiyo a layinmu. Ranar Asabar da rana, in an kawo wuta, matarsa takan shimfiɗa mana tabarma a falo ta saki labule. A can na ga wani tsohon fim na Turawa marar kala. Ba mu ji ko kalma guda ba, amma mun gane cewa wani mutum ne aka harhaɗa da gaɓoɓin matattu aka tashe shi. Dogo ne, goshinsa duk ɗinki, idanunsa kamar na wanda bai taɓa samun barci ba. Sauran yara suna ihu suna ɓuya bayan juna. Ni kuwa da mutanen gari suka bi shi da wuta, kuka na yi. Shekarata tara, ban san abin da ya sa ni kukan ba.

Da hutun rani ya zo aka kai ni Argungu wurin kakata ta wajen uwa, wadda muke kira Inna. Maginiyar tukwane ce. In ruwa ya janye daga fadama, jakuna sukan kawo mata yumɓu, ta jiƙa, ta cuɗa shi da ɓuntun shinkafa, ta tattake da ƙafa har sai ya yi laushi. Tsakar gidan kullum cike yake da tuluna da kasake suna shan iska, ga zafin bazara da ke hana ko kaji motsi.

A gidan akwai Kawu, ƙanen mahaifiyata. Direban motar albasa ne, yana kai kaya Kudu. Shi ne mai zuwa mana da burodi, shi ne mai ɗora ni a wuya ya zaga gida da ni. Shekara guda kafin wannan hutun motarsa ta kife. Ya rayu, amma an ɗinke masa fuska a asibitin Sakkwato, tun daga goshi, ta kan ido, har zuwa muƙamuƙi. Tun daga nan ya shige ɗaki, in zai fita masallaci sai ya naɗe fuska da rawani. Kwana kaɗan kafin in zo ne ya fara fitowa tsakar gida fuska a buɗe, yana zama a inuwar rumbu yana gyara wa maƙwabta tarun kamun kifi. Ranar da na sauka Inna ta ja ni gefe ta ce, "Ki gaishe shi yadda kinka saba. Kada ki zura mishi ido, kada kuma ki ɗauke kai."

Na yi ƙoƙari. Amma rana tana da tsawo a gidan, ba abokan wasa, ga yumɓu a ko'ina. Na ɗebi dunƙule na ce bari in gina mutumin nan na fim. Kwana uku na yi a kansa, a bayan ɗakin girki. Bai fi tafin hannuna tsawo ba. Na yi masa faffaɗan kai da manyan takalma, da riga wadda hannunta ya gaza. Na lotsa idanun da ƙwayar gero. Sannan na karyo tsinken tsintsiya na zana ɗinkin. A fim ɗin a goshi kawai yake, na san haka sarai. Amma hannuna ya gangaro da shi ta kan ido har muƙamuƙi, kuma wallahi ban lura ba. Na ɗora shi a gindin rumbu ya bushe, na tafi aike.

Da na dawo bayan la'asar, na tarar da shi a hannun Kawu. Yana jujjuya shi a hankali.

Ya ce, "Wa yag gina wanga?"

Na ce, "Ni ce, Kawu."

Ya daɗe yana kallo. Sai na ga ɓangaren bakinsa da ke motsi ya ɗaga. Murmushi ne, na farko da na gani tun zuwana. Ya ce, "Kin iya, ɗiyata. Sai dai kin ƙara min tsawo. Kuma yaushe na samu takalma awa waɗanga?"

Har Inna ta tsayar da aikinta tana kallonmu. Ni kuwa na ji daɗin yabon, na so ya san cikakken labarin. Na ce, "Ai ba kai ba ne, Kawu. Dodon fim ne. Da matattu aka yi shi, kowa ya gan shi sai ya gudu."

Bai daka mini tsawa ba. Ya sake duban abin, ya shafa ɗinkin da babban yatsa. Ya ce, "Mi anka yi mishi daga baya?"

Na ce, "Korar shi aka yi daga gari."

Ya ce, "To." Ya mayar da shi inda ya ɗauka, a hankali, don kada ya karye. Ya naɗe tarun ya shiga ɗaki.

Inna ba ta buge ni ba, da ma ta buge ni. Ta ɗauki mutum-mutumin ta jefa a kaskon jiƙo, na tsaya ina kallo har ya narke. Abin da ta ce kawai shi ne ba a toya abu mai ido a wutar tukwanen gidanta. Washegari rawanin ya koma fuskar Kawu. Kafin ruwan farko ya sauka ya tattara kayansa ya koma Zauro, wurin wani ɗan'uwanmu mai gonar shinkafa, ya kafa bukka nesa da hanya. A can ya ƙare rayuwarsa. Sau biyu na je gaishe shi bayan na girma. Ya tarbe ni da kyau, ya tambayi karatuna, ya auna mini shinkafa in kai gida. Duk sau biyun na je da maganar ranar nan a bakina, na dawo da ita.

Yanzu gidan Inna shago ne, bokitan roba ake sayarwa. Jikokina suna kallon abubuwan da suka fi wancan fim muni a waya, suna cin tuwo suna dariya. Mahaifiyata, kafin ta rasu, takan ce in daina ɗora wa kaina laifi, wai mutumin da ma ya gaji, ko ban yi magana ba zai tafi. Mai yiwuwa gaskiyarta ne. Na riga na wuce shekarun da ya yi a duniya yanzu, na kuma san irin wannan gajiyar. Shekara talatin na yi ina koyarwa a firamare, kullum ina gaya wa yara su faɗi gaskiya, har muryata ta dushe. Ban taɓa gaya musu cewa akwai ranar da mutum ya ga kansa a aikin hannuna ya yi murmushi ba, abin da ake bukata gare ni kawai shi ne in yi shiru.