Shekarar da Na Shuka Ciyawa a Tsakar Gida

A ƙauyenmu, can gabas da Ɗambatta, ana gane mace mai tsabta ne da tsakar gidanta, a share tas, ko tsinke babu. Ni ma a haka na tashi, har lokacin da asibitin da nake aikin ungozoma ya tura ni kwas Kano. A harabar makarantar da muke kwas ɗin akwai wani fili da aka shimfiɗe da ciyawa, gajera, koriya shar. Da na ga mutane zaune a kai, sai na cire takalmi na ɗora ƙafa. Wani sanyi ya ratsa ni har ƙeya. Na tsaya ina dariya ni kaɗai kamar wadda ake yi wa cakulkuli.

Da na dawo gida, ko mayafi ban cire ba na ce wa maigidana, "Malam, ciyawa nake so a tsakar gidan nan."

Shi manomi ne, idan rani ya yi kuma ya koma kan keken ɗinki a zaure. Ya dube ni. "Ciyawa? Ta tumaki?"

"Ta zama."

"Ina gona ina kashe ta, ke kina gida kina rainonta?" Ya yi dariya har da tari. Amma da ya je Kano sayo zare, sai ga shi da buhun ciyawa mai faɗin ganye, daga wajen masu sayar da furanni a bakin titi.

Na dasa ta a ƙofar ɗakina, ina ba ta ruwa safe da yamma. Sai dai ƙasarmu jigawa ce, rairayi zalla, ka zuba bokiti kafin ka juya ya shige. Da bazara ta kama, ciyawar birni ta yi jawur, gara ta bi ta ƙasa ta cinye saiwar. Na kama gefe guda, ta taso gaba ɗaya kamar tsohuwar tabarma.

Wata safiya ina jiran layi a rijiyar unguwa, idona ya faɗa kan kiri-kiri, ciyawar nan mai yaɗo da manoma ke tsinewa. Shanu na taka ta, jakuna na ci, rana na dukanta, amma tana nan kwance abinta, koriya. Na koma gida da gudu na ɗauko fartanya, na manta jarkata a layi.

Da na dawo na fara haƙarta, mata suka kewaye ni. Wata ta rage murya ta ce, "Malama, ta naƙuda ce?"

"Wallahi ta zama ce kawai."

Ba wadda ta yarda. Ungozoma ba za ta haƙi saiwa a banza ba. Washegari sai da na bi gida-gida ina roƙo kada kowa ya dafa.

Wannan karon na gyara wurin sosai. Na ɗebo laka daga bakin kududdufi na cakuɗa da rairayin don ya riƙe ruwa, na zuba tsohon takin awaki, na barbaɗa toka saboda gara. Na jira sai da ruwan shuka ya sauka, ranar da Malam ya fita da irin gero, ni ma na binne tawa gaɓa-gaɓa. Kullum kafin in tafi aiki sai na durƙusa na duba inda ta miƙa hannu. Nakan cire ƙarangiya da aya-aya tun suna ƙanana, ina yi musu faɗa. Kafin gero ya kai gwiwa, ƙasa ta rufe. Na riƙa tare baƙi tun daga zaure ina cewa, "Ku cire takalmi, ku zo ku ji wani abu!"

Ana haka surukata, Inna, ta zo mana kwana biyu daga ƙauyensu. Na dawo daga aiki na iske ta tsaye da fartanya, gumi na zuba, rabin ciyawata a tare a gefe.

"'Yar nan, na san aiki ya yi miki yawa," in ji ta. "Amma kada ki bari mutane su ga gidan ɗana kamar kango. Ga shi na rage miki, gobe in ƙarasa."

Na ce, "Sannu da aiki, Inna. Allah Ya saka da alheri." Na shige ɗaki na cusa fuska a matashi, ni kaina ban san kuka nake ko dariya ba. Malam ne ya yi mata bayani. Ina jin ta daga ɗaki tana salati. "Da gangan? Ita ta shuka? Lafiyarta ƙalau kuwa?"

Kiri-kiri ba ta mutuwa da fartanya. Ruwa na sake sauka ta fito, gefen da Inna ta nome ma ya fi laushi.

Sai kuma ta yi tsawo, sauro ya fara samun wurin ɓuya. Na gwada lauje, ta fito kamar askin yara, nan tudu nan kwari. Wata la'asar na dawo na iske Malam a durƙushe da babban almakashinsa na yankan shadda, yana bi yana daidaitawa, har yana kanne ido ɗaya.

"Kada ki faɗa wa kowa," ya ce, bai ko ɗago ba.

Da kaka ta wuce ruwa ya yi wuya, na rage ta zuwa faɗin tabarma uku. Ruwan alwala da na ɗaurayar kwanuka duk nan suke ƙarewa, ban da mai sabulu. Muka kafa rumfar kara a yamma don ta tare mata zafin rana.

Ranar Sallah 'yan matan unguwa suka yi layi da wayoyinsu. Kowace ta zauna ta baza siket a ɗauke ta hoto, tana cewa, "Kauce wa rumbun nan, kada ya fito, cewa zan yi Abuja na je."

Da suka watse, yayata da ta zo yawon Sallah ta tsaya tana kallon wurin. Mace ce mai jikoki, ba ta da wasa. Ta leƙa zaure ta ga ba kowa, ta ce, "Rufe ƙofar."

Na rufe. Ta ajiye mayafi ta kwanta, ta mirgina daga wannan gefe zuwa wancan. Ni ma na bi ta. Muka yi ta birgima da leshinmu na Sallah, ɗankwali ya yi nasa wuri, muna ihu kamar yara, har kaji suka gudu bayan ɗaki.

Ba a jima ba ƙaiƙayi ya taso mana, wuya da hannuwa duk suka yi ruɗu-ruɗu. Malam ya yi ta sallama kafin mu buɗe. Ya iske mu zaune muna susa, hakukuwa a ka, hawayen dariya na zuba. Ya shiga ɗaki ya ɗauko man kaɗanya ya ajiye a tsakaninmu. Yaya ta lakato ta shafa a wuya, ta ce in haƙa mata ciyawar kaɗan a leda kafin motarsu ta tashi.