Ragon Inna Rahila Ya Kai Ni Kaso

Ni ɗan mai sharar majami'a ne. Mu Kirista ba mu da yawa a Filinge, benci shida ke ɗauke mu duka ranar Lahadi, har da masu gyangyaɗi. Babana ke ajiye kayan Jibin Ubangiji, wato gurasa da abin sha da ake rabawa a majami'a don tunawa da Almasihu. Yakan ce mini, "Wanga abu an keɓe shi ga Allah, ko da ido kar ka taɓa shi."

Da harshe na fara taɓawa. Zoɓon da ake dafawa don Jibi nake kurɓa, in cika kwalbar da ruwa. Wata Lahadi ya yi fari ƙwarai, har Fasto ya ɗaga kofi yana duba shi ta hasken taga. Ba wanda ya zarge ni, don ni ke jan waƙa, kuma na iya sunkuyar da kai.

Da na girma sai na koma kan dabbobi. A ƙauyukan Kurfai, akuyar da aka ba iskoki ba mai tambayar inda za ta. Sai in saci akuya, in ɗaura mata jan ƙyalle, in ratsa tsakiyar gari da ita ina gunaguni, mutane na ba ni hanya. In na haɗu da malami in ce ta sadaka ce. A kasuwar Bonkuku nake sayarwa. Addinin kowa na ci da shi.

Ƙarshe na waiwayo gida. Akwai wata tsohuwa a majami'armu, Inna Rahila, mijinta ya rasu, dukiyarta rago ɗaya. Ta keɓe shi don bikin godiyar kaka, kullum tana ba shi dusa tana rera masa waƙoƙin yabo. Rana tsaka ta tafi ɗiban ruwa, na kwance shi.

Ragon ya yi ƙiba, ya ƙi tafiyar nesa. Dole na shafe shi da baƙin tukunya na kai shi kasuwar garinmu. Muna cikin ciniki sai ga Inna. Ba ta yi ihu ba. Ta tsaya bakin turken dabbobi ta ɗauki waƙa. Rago ya ɗaga kunne, ya zabura. Ni kuwa na naɗe igiyar a wuyan hannuna. Ya ja ni ta cikin tumatir, ya bi da ni kan tiren mai ƙosai, ya yar da ni gaban Inna, kusa da wani jandarma, jami'in tsaro, da ke zaɓen albasa.

Na ce, "Inna, kawo miki shi nake."

Ta ce, "To mi ya sa ka rina shi?"

Da labari ya bazu, masu awaki suka yi ta zuwa daga ƙauyuka, wasu ma ni kaina na manta da su. Aka yanke mini shekara biyu a kaso, wato kurkuku.

Kunya ta hana babana zuwa. Inna Rahila ce ta zo, da ƙwaryar fura. Na ce, "Inna, ina ragon?"

"An ci, an yi godiya. Har kai mun yi wa addu'a, amma bayan nama." Ta gyara zama. "Ɗana, dabbar nan ba ta da hankali, amma ta san mai ita. Kai ranar da aka miƙa ka ga Allah kana jariri, ni na riƙe ka, har ka jiƙa mini zane. Kai ma keɓaɓɓe ne. Kafin ka saci ragona, kanka ka sace wa Mai shi."

Na sha furar ina kuka, har ta yi gishiri.

Da na fito na fara da ɗakin babana, sannan na bi ƙauyukan gida gida ina neman gafara. Wasu sun yafe, wani tsoho ya yafe bayan ya sauke mini sanda biyu. Yanzu noma nake, ina zama a bencin baya.

Ku matasa, ku ji daga bakin wanda aka ja cikin tumatir. Tsarki ba sunkuyar da kai ba ne, na yi wannan shekaru ina ɓarawo. Ku ba Allah hannuwanku da harshenku tun ba su saba da abin wani ba. Ni bakina ya tuba rana ɗaya, amma hannun damana har yau sai na lallashe shi. In kun gan ni a kasuwa hannu biyu cikin aljihu, kada ku ce girman kai ne. Tsaron su nake.