Baba Sifeto da Ranar Kasuwar Shinkafi

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina tashar motar Kaura Namoda da hantsin Talata Sanusi ya kira ni, ya ce mahaifinsa Baba Sifeto ya cika bayan sallar asuba. Na nemi benci na zauna.

Sunansa Malam Garba, tsohon sifeton 'yan sanda. Ni ke ba da umarni a wasan kwaikwayonmu na talabijin kan binciken masu laifi, shi kuma muka ɗauko ya riƙa yi mana gyara. Masu kallo ba su taɓa ganin fuskarsa ba, amma yawancin abin da suka yaba aikinsa ne. Jinin da ke zuba a shirin, zoɓo ne da kullun rogo, da hannunsa yake damawa. Idan ɗan wasa ya daka wa wanda ake tuhuma tsawa, sai ya tsayar da mu: "Ɗana, mai bincike ba ya ihu. Ba shi ruwa ya sha, ka yi shiru, da kai nai zai hwaɗa maka."

Ranar kasuwar Shinkafi na san ko wane ne shi. Muna ɗaukar wurin da ɓarawon shanu ke gudu, ɗan wasanmu Bala riƙe da bindigar katako da muka shafa wa baƙin fenti. Mutanen da 'yan bindiga suka sha ɗauke wa dangi ba su lura da kyamara ba. Kafin mu ankara an kewaye Bala da sanduna, har an fasa masa goshi. Duk muka daskare. Baba, da tsufansa da ciwon gwiwarsa, ya ratsa taron ya tsaya a kan Bala, ya buga bindigar da dutse ta rabe biyu.

"Icce na, ku duba! Wasa muka yi. Wanda zai ƙara bugun shi, ya hwara da ni."

Sanduna suka sauka ɗaya bayan ɗaya.

Ni kaɗai ya yi wa faɗa. "Mutanen ga ba su da laihi, tsoro na. Kai ne ba ka shaida wa sarkin kasuwa ba." Tun daga ranar, ko Zurmi za mu, shi ke yin gaba ya gaida manyan gari.

Bala na cikin waɗanda suka ɗauki makararsa, tabon na nan a goshinsa.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ya ba matarsa Inna Hajara da Sanusi da ƙannensa haƙurin wannan rashi. Amin.