Mutumin da Ja Ke Faranta wa Rai

Daga saman tsani, mai gyaran na'urar sanyaya ofis yana hango sanƙon wani mutum yana ta ƙyalli. Siriri ne, tabarau ɗaya a goshi, wani a hanci, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan ya yi nasa wuri ƙarƙashin tebur.

Mutumin yana danna maballi allon kwamfuta ya yi kore, sai ya ja tsaki. Ya sake rubutu, ya danna, allon ya yi ja wur. Sai ga shi tsaye yana tafi.

"Yallaɓai, lafiya?" in ji mai gyara. "Ni a sanina ja ɓarna ce."

"Sabon mai gadi na sa wa manhajarmu, ya riƙa ihu in jerin sunaye ya zo wayam. Shi ne na tura masa wayam da gangan. Da ya yi shiru, to barci yake, gobe kuskure ya kai ga masu saye, oga ya sallame ni. Ka ga ya yi ihu!"

Mai gyara yana ayyanawa a ransa: wannan a gida ƙila yakan ce wa 'ya'yansa biyu da biyu biyar ne, wanda ya yarda babu alawa.

Ya sauko yana kaɗe hannu. "Na gama, sanyi ya dawo."

Mutumin ya ɗingiso da takalminsa ɗaya, ya ɗaga tafin hannu gaban na'urar. Iska mai ɗumi ta buso. Ya washe baki har kunne.

"Ja," ya ce. "Koma sama."