Mainasara da Kwamfutar da Ba Ta Jin An Sa Mata Kebul

A Goronyo har gobe Mainasara mai rediyo ake ce masa, ko da yake an yi shekaru rabon da wani ya kawo masa rediyo gyara. Ubansa masunci ne a gulbin Rima, haka ma yayyensa biyu. Shi ne dai ruwa bai karɓa ba. Da ya shiga kwalekwale sai jiri ya ɗebe shi, ya kwanta cikin taru yana amai. Da uban ya gaji, ya kai shi Sakkwato wurin wani mai gyaran rediyo. Can ya shekara shida, ya koyi riƙon ƙarfen dalma da karatun mitar auna wuta. Ɗan Turancin da ya samu a firamare ya ƙarasa shi da takardun da ke zuwa cikin kwalayen rediyo, yana bin su da yatsa kalma kalma.

Ya dawo gida ya kafa rumfa a bakin kasuwa, ya auri Turai, suka haifi 'ya'ya biyar. Rumfar ta riƙe su shekara ashirin da wani abu. Ambaliyar 2010 ce ta tafi da ita, da rediyoyin mutane goma sha bakwai da ke jiran gyara. Da ruwa ya janye ya sake kafa wata, amma kafin nan mutane sun koma jin labarai a waya. Sai ya wuni bai taɓa dalma ba.

Wani Ismail, wanda ya buɗe shagon buga takardu da kwamfutoci huɗu, shi ya ɗauke shi don ya riƙa kula da janareta da wayoyin wuta. Mainasara yana da shekara arba'in da takwas lokacin. Bai ji kunyar tambaya ba. A shagon nan ya koyi buɗe cikin kwamfuta, da matse kan kebul ɗin intanet, siraran wayoyi takwas kowace da launinta da gurbinta. Hannunsa ya iya wannan nan da nan. Abin da bai taɓa sakin jiki da shi ba shi ne rubutun da ke kan allo. Ya kan ce duk abin da mita ba ta aunawa, ba aikinsa ba ne.

A ƙarshen daminar 2021 aka rufe layukan waya a yankin saboda matsalar tsaro. Shagon Ismail ya tsaya cik. Ana cikin haka, wata ranar kasuwa, wata mata sanye da farin hijabi ta zo tana cigiyarsa. Fatsuma ce, malamar wani ƙaramin asibiti da ƙungiyar ci gaban wani ƙauye kusa da Taloka ta gina. Ita ce ungozoma, ita ce mai allura, ita ce mai rubuta kati. A kan rufin asibitin akwai dishi da sola da wani ɗan garin ya sa, likita ne a Sakkwato. Ta wannan dishin take tura masa awon marasa lafiya, shi kuma ya faɗa mata wanda za ta riƙe da wanda za ta tura gaba. Tun da aka rufe waya, wannan ce kaɗai hanyar da ta rage mata.

Bayan sun gaisa ta ce, "Baba, kwamfutar asibitinmu ta gajisshe ni."

Ya ce, "Mi tay yi, Malama?"

"In na kunna ta kahin in sa kebul, ba ta ganin sabis. Ko na sa shi daga baya, banza. Sai na kashe ta na sake tada ta. Kuma tsohuwa ta, tashinta kamar na mai ciwon baya."

"To mi as sa kike cire kebul ɗin?"

Ta ce tsawa ta taɓa ƙone musu akwatin da ke raba sabis. Tun daga ranar, wanda ya haɗa kayan ya gargaɗe ta da ta riƙa cire kebul duk lokacin da za ta tashi aiki, da duk lokacin da hadari ya taso. A damina kuwa sai ta cire sau uku a wuni. Mantuwa ɗaya, ko wutar sola ta ɗan ƙifta kwamfuta ta farka kafin ta mayar da kebul, shi ke nan sai ta zauna jiran kashewa da kunnawa, mace na nishi a kan gado.

Mainasara bai yi dogon tunani ba. Ya ce, "Kan kebul ad da laihi. Gobe ina nan tahe."

Washegari ya ɗaura jakar kayan aiki a bayan keke. Turai ta tsaya a bakin zaure ba ta so ba, don hanyar ba ta da daɗin bi a lokacin. Ta ce, "Malam, kak ka bari la'asar ta ishe ka can." Ya ce ya ji.

Asibitin ɗaki uku ne da baranda. Ya yanke kan kebul ɗin duka ɓangare biyu, ya matse sababbi, ya auna kowace waya da mita. Lafiya lau. Suka gwada: suka kunna kwamfuta, sannan suka sa kebul. Ba sabis. Bayan kwana biyu ya koma da sabon kebul da ya aro a shagon Ismail. Ba abin da ya canja. Zuwa na uku ya buɗe kwamfutar, ya busa ƙura, ya goge kafar da kebul ke shiga da tsumma da ɗan sifirit. Fatsuma ta kawo masa kunu a kofi.

Yana zaune a ƙasa bayan teburin da kofin a hannu, ya sa kebul ya cire, ya sa ya cire, don dai hannunsa ya samu abin yi. Sai ya lura da 'yar koriyar wutar da ke bakin kafar. Duk sanda kebul ya shiga sai ta kama, ya fita ta mutu. Ya daɗe yana kallonta.

Ya ce, "Malama, taho ki diba. Ƙarhen ya san an sa mai kebul. Ga shaida nan. Abin da ke ciki na ba a gaya ma ba."

Ta ce, "Wane abu na ciki, Baba?"

"Ban sani ba tukuna. Amma ba wurin mita ya ke ba."

Kwamfutar ba irin ta shagon Ismail ba ce, wani tsari mai suna Linux ke kanta, kuma wanda ya haɗa ta ya koma Legas tun bara. Mainasara ya roƙi Fatsuma ta bar masa ita bayan azahar, lokacin da marasa lafiya suka ragu. Wuni biyu ya yi yana bincike a intanet ɗin asibitin, hancinsa kusan manne da allo, don tabaransa ya tsufa ya daina yi wa idonsa aiki. A hankali ya gane. An tsara kwamfutar ta nemi adireshi, wato lambar da za ta shiga intanet da ita, wurin akwatin sabis sau ɗaya tak, lokacin da take tashi. In ta nema ba kebul, sai ta haƙura, ba ta ƙara tambaya. Ya kuma gano akwai wata 'yar manhaja, ifplugd, wadda ba ta da aiki sai gadin kafar kebul. Da an sa, ta tada haɗin ta nemi adireshi. Da an cire, ta sauke shi.

Ya kwafe matakan da wani shafin intanet ya bayar a bayan wani tsohon kati. A sauko da manhajar. A faɗa mata sunan kafar da za ta yi gadi, shafin ya rubuta eth0. A buɗe fayil ɗin tsarin sadarwa a goge layin da ya fara da auto, don kada kwamfuta ta riƙa tada haɗin da kanta, ta bar wa mai gadi. Ya yi duka ukun, ya yi bisimilla ya sake kunna ta.

Ba sabis. Ya sa kebul kafin kunnawa, yadda Fatsuma ta saba, nan ma babu. A da tana samu da wahala, yanzu ko da wahalar ba ta samu. Shafin da zai koma ya duba kuwa yana can cikin intanet ɗin da ya kashe. Layin da ya goge ma bai kwafe shi ba.

Bai gama share gumi ba aka shigo da Rahama, matar wani manomin albasa, cikinta wata takwas, ƙafafu sun kumbura, tana cewa kanta kamar zai tsage. Fatsuma ta auna jininta, ta sake aunawa. Ta leƙo ɗakin kwamfuta.

"Baba, ina iya tura ma likita?"

Ya kasa ɗaga kai. Ya ce, "Ba ki iyawa, Malama. Ni niɓ ɓata ta."

Ta juya ta fita. Ya ji ta a baranda tana gaya wa mijin ya nemo mota ko ta wace ce, babban asibiti za su yanzu. Aka samu wata a-kori-kura da ta kawo taki. Fatsuma ta rufe asibiti ta shiga baya tare da Rahama. Mainasara ya bi ƙurarsu a keke har suka ɓace masa.

Da ya isa gida Turai ta ajiye masa tuwo bai taɓa ba. Ya gaya mata duk abin da ya faru. Ya ce shekara talatin yana gyara bai taɓa mayar wa mutum kayansa ya fi yadda ya kawo lalacewa ba, sai yau, kuma a kan rai. Ya ce ba ya komawa, a nemo wani daga Sakkwato.

Turai ta ce, "Wa za ya zo daga Sakkwato cikin wanga hali? Kai kas san abin da kat taɓa. Ka ci abinci."

Washegari da hantsi ya koma. Ya tarar da Fatsuma tana share baranda, idanunta sun faɗa. Kafin ya sauka daga keke ta ce, "An riƙe ta, Baba. Jinin ya sauka. Sun ce da mun ƙara jinkiri da an ji jiki." Ya jingina keken da bango.

Ta ce, "Ko da likita ya amsa, abin da za shi ce min ke nan, in kai ta babban asibiti. Shiga ka ƙarasa aikinka."

Wannan karon ya taho da gilashin ƙara girma da yake duba ƙananan kayan rediyo da shi. Ya buɗe fayil ɗin, ya kara gilashin a allo, ya bi abin da ya rage harafi harafi. A layin da ke ƙarƙashin wanda ya goge, ga sunan kafar a rubuce: enp2s0. Wannan kwamfutar ba ta da wata kafa mai suna eth0. Ya sa mai gadi gadin abin da babu, ya kuma hana kwamfutar tada wadda ke akwai. Ya gyara sunan a tsarin manhajar, ya karanta sau uku, ya sa Fatsuma ita ma ta karanta masa da ƙarfi.

Suka cire kebul, suka kunna kwamfuta, suka jira ta gama tashi. Ya miƙa mata kan kebul ɗin ya ce ita za ta sa. Ta sa. Kwamfutar ta yi wani ɗan ƙara, tit, bayan ɗan lokaci ta sake yi. Fatsuma ta buɗe shafin saƙo, sai ga saƙonnin likita uku na jiya sun shigo a jere, yana tambayar ko lafiya ya ji ta shiru. Ta cire kebul, ta ƙirga ashirin, ta mayar. Sabis ya dawo da kansa. Sai da ta yi haka sau biyar, tana dariya ƙasa-ƙasa.

Kafin ya tafi ya karɓi sabon kati ya rubuta mata duk abin da ya yi da Hausa, da manyan baƙaƙe, har da yadda fayil ɗin yake kafin ya taɓa shi, gwargwadon abin da ya iya tunawa. Ta liƙa katin a cikin murfin kabad ɗin magani. Bayan sati uku Rahama ta haifi 'ya mace. Mijinta ya aiko wa Fatsuma da kaji biyu, ita kuma ta aika wa Turai da ɗaya.

An buɗe layukan waya daga baya, shagon Ismail ya farfaɗo, Mainasara ya koma kan janaretansa. Amma labari ya riga ya zaga cewa mai rediyo ya iya cikin kwamfuta. Shi ba ya yarda da wannan. Ya kan ce abu ɗaya ya sani, kuma da ƙyar ya san shi. Duk da haka ana kiransa. Yanzu wata makarantar al'umma a Rabah ta samu tsofaffin kwamfutoci ashirin kyauta, dukansu da irin wannan hali, ga ɗalibai na yawan tuntuɓe da kebul. Duk Asabar yake zuwa a motar kasuwa. Ba ya yin fiye da biyu a zuwa ɗaya, don kowace sai ya kwafe tsarinta a takarda kafin ya canja ko harafi guda. Shugaban makarantar ya so ya yi sauri, ya ce masa a yi haƙuri. Ya gama goma sha ɗaya, saura tara.